Tsara darasin Turanci ba daga littafi ake farawa ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda malaman Turanci da yawa suka ɗauka cewa tsara darasi bai wuce a buɗe littafi, a zaɓi shafin da za a gama yau, a tanadi tambayoyi ba. Suna da hujjarsu: manhaja tana da tsawo, lokaci ya yi kaɗan, littafin kuma masana ne suka rubuta shi.

Sai dai gama shafi daban, iya harshe daban. Tsarin da Grant Wiggins da Jay McTighe, masana harkar koyarwa na Amurka, suka fitar a 1998 daga ƙarshe yake farawa. Malami ya fara tambayar kansa: in an tashi aji, me ɗalibi zai iya yi da Turanci wanda ɗazu bai iya ba? Sannan ya yanke yadda zai gane an iya ɗin. Ayyukan aji da shafin littafi sai daga baya.

A ɗauki darasin shuɗaɗɗen lokaci, wato yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru da Turanci. Idan burin shi ne ɗalibi ya ba abokinsa labarin abin da ya yi jiya cikin jimla biyar, to cike gurbi a takarda ba zai wadatar ba, domin yaro yana iya cike gurbi daidai amma bakinsa ya kasa furta jimla guda. Dole a ware lokacin magana bibbiyu, malami yana zagawa yana saurare. Abin da kunnensa ya jiyo shi zai nuna masa inda darasin gobe zai ɗora.