Wai makaho ya zaɓo hoton mota

Maganar shafukan intanet da ke rufe wa makafi ƙofa zan yi. Har yanzu raina bai huce ba.

Ƙanina makaho ne, yana da digirinsa, kuma wayarsa yake sarrafawa da TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allon wayar da murya, da saurin da ni mai ido ban iya ba. Ya zauna zai cike fom ɗin neman aiki a shafin wata ma'aikata, ya wuce suna, ya wuce jiha, sai shafin ya ce ya zaɓo hotunan da ke da mota don ya tabbatar shi mutum ne. Babu zaɓin saurare. Madalla da wannan basira! Na zaɓa masa, muka shiga ciki, sai muka tarar maɓallan ba su da suna, wayar ba ta san wanne ne na turawa ba, wanne ne na gogewa. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, "Yaya, cike min kawai." Wallahi muryar da ya faɗa da ita ce ta hana ni barci.

Wannan wariya ce. Kar wani ya ce min kuskure ne. Wariya ce, ko da gangan ko da sakaci. Tsohon Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya tun Janairun 2019, an ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024. To yau ƙofar ofis ta koma intanet, sai ku gina mata matakala ku ce kowa ya hau?

Masu cewa "ai ana iya taimaka masa", na ji ku. Ku miƙa lambar NIN da BVN ɗinku ga yaron shagon intanet tukuna, sannan mu yi magana. Masu cewa akwai tsada kuma, sa wa maɓalli suna nawa yake ci? Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ke nuna yadda za a gina shafin da masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, na nan kyauta, kowane mai gina shafi zai iya karantawa. A Amurka wani makaho ya maka kamfanin Domino's a kotu saboda ya kasa odar abinci a shafinsu, kamfanin ya ruga kotun ƙoli a 2019, ta ƙi ma sauraronsa. Abinci fa! Mu nan aikin yi ne ake rufe wa mutum.

Af, ku ma masu ɗora katin ɗaurin aure a Facebook hoto zalla ba rubutu ko layi ɗaya, ban manta da ku ba. Bara ƙanina ya rasa auren abokinsa na makaranta a haka, sai bayan sati ya ji labari.