Matsalar kasuwa ta fi ta jari ciwo

Na karanta wani rahoto da ke cewa ƙungiyoyin matan karkara suna buƙatar ƙarin tallafin jari, kuma ban musa ba, sai dai a ganina rashin hanyar sayar da kaya ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.

A ƙauyenmu da ke yankin Kura, matan da ke turara shinkafa sun daɗe da haɗa kai ta hanyar adashi, tun kafin a fara zancen rajista. Yayata tana cikinsu. Da asuba take hura wuta ƙarƙashin tukunya, ta turara shanshera, ta baza ta a tsakar gida, sannan ta wuni tana korar kaji da awaki har la'asar. Bayan duk wannan wahala, dillali ne yake yanke farashi, domin ita ba ta fita kasuwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na injin casa suke cinye ɗan abin da ya rage.

Da masu tallafi za su gina musu ɗakin ajiya guda, da sun riƙe shinkafarsu har kaka ta wuce farashi ya tashi, su haɗa buhuna a mota ɗaya zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano. Haka kuma a koya wa biyu ko uku daga cikinsu rubuta lissafi, saboda na ga ƙungiyar da ta watse kan kuɗin zubi da babu wadda ta rubuta.