Tambarin da ake gani da wanda ake ji

Ƙauyen da nake zaune a Normandi, arewacin Faransa, bai kai wata unguwar Damagaram yawan jama'a ba, amma da tambarinsa. Yana ƙofar meri (ofishin magajin gari), yana kan allon sunan titi, har jikin motar kwasar shara. Garkuwa ce ja, a sama damisa mai ruwan zinare (a ƙasar da ba a ganin damisa sai a keji), ƙarƙashinta wani farin zane mai lanƙwasa, sai ɗan tuffa guda. Wani dattijo maƙwabcina ya fassara mini: damisar ta sarakunan Normandi ce na dauri, lanƙwasar rafin da ya ratsa garin ne, tuffa kuwa ita suke nomawa. Har da ƙa'ida: rawaya da fari su ne zinare da azurfa, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya, ba a kuma aza ja kan shuɗi, don a iya hango abin daga nesa.

Da na koma ɗaki na ciro takardar haihuwata da aka sabunta mini a merin garinmu. Kashen da aka buga, wato hatimin, da'ira ce da sunan jamhuriya da na komin (ƙaramar hukuma). In ka kankare sunan, ba ka sanin ta Damargu ce ko ta bakin iyakar Magarya. A zaɓen 2004 muka samu majalisun komin, amma fuskarsu ɗaya kamar ƙwan zabi.

Alhali tambarin ƙasarmu Nijar na 1962 ya nuna hanya: rana, mashi da takubba biyu, zangarniyar gero uku, kan sa. Manomi da makiyayi kowa ya ga kansa a ciki.

Da farko kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Daga baya na tuna kalmar kanta. Kafin mu kira hatimi tambari, tambari ganga ce ta sarki. Namu alamomin kunne ke fara kama su. Duk wanda ya tsaya ƙofar fada ranar hawan salla, ya ji kakaki da algaita, ya ga jajayen rigunan dogarai, ba sai an ce masa gidan Sarkin Damagaram Tanimun ba ne, wanda ya kewaye Birni, tsohon garin, da ganuwa ya sa aka ƙera igwa. Ido ma ba a bar shi a baya ba. Shiga lungunan Birni ka ɗaga kai ka dubi goshin zauruka, ka ga abin da magina suka yi da yumɓu da launi, ko ka zauna wajen dukawa ka ga aikin fata.

Shi ya sa ban yarda mu aro garkuwar Turawa da damisarsu ba. A ba magina da dukawa aikin. Mirya ta sa tukunyarta, Gidimuni dabino da tafki, Matamai rake, Tanut damin gero. Kuɗin bai kai na fentin ofis ba.

Dattijon nan ya tambaye ni tambarin garinmu. Na lalubo bidiyon hawan salla da ƙanena ya turo mini ta WhatsApp, na ƙure murya, na ce: “Baba, saurara.” Da kakaki ya tashi sai da karensa ya ruga ƙarƙashin tebur.