Yaushe rabon da ɗanka ya miƙo maka sifana?

Assalamu alaikum. Iyaye maza, yau da ku nake.

Akwai wata tsohuwar Fijo 504 a wani lungu a Gwammaja cikin Kano da ta yi shekara da shekaru a kafe a gindin darbejiya. Tayoyi sun zauna, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ta mahaifin mai gidan ce, Allah Ya ji ƙansa, irin Fijon nan da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. 'Yan gwangwan sun yi zarya har sun gaji, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ranar Asabar da hantsi na bi ta wurin sai na tarar an ɗaga bonet, mai gidan ya naɗe hannun riga, ɗansa ɗan firamare ya taka bulo yana leƙen injin. Sun kwance kafireto sun jiƙa a fetur, yaron na dirzawa da tsohon buroshi. Uban ya ce, "Babana, miƙo min sifana goma." Yaro ya miƙo sha biyu. Ina jiran in ji tsawa, sai na ji ya ce, "Duba lambar da ke jikinta, a hankali."

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Mutumin nan ba bakanike ba ne, kuma bai rasa kuɗin da zai sa a ja motar zuwa gareji ba. Da gangan ya zaɓi doguwar hanya, don ya samu dalilin zama da ɗansa.

Mu fa? Mun biya kuɗin boko, mun biya na Islamiyya, mun ɗinka kayan sallah, mun ajiye cefane, shi ke nan a ganinmu mun sauke nauyi. Ka fita yara na barci, ka taso daga kasuwa ka zarce majalisa, a yi shayi, a yi gardamar ƙwallo da siyasa har goma ta gota, ka shigo sun sake yin barci. Ranar da kake gida kuma waya na hannu. Janareta ya ƙi tashi, ka durƙusa kana cire fulogi, yaro ya matso yana son gani, me kake ce masa? "Kai, tashi ka ba ni wuri!" Haba Alhaji. Haba Malam. Yaron da bai san muryarka ba sai wajen aike da faɗa, ranar da ya kai sha shida ya samu waɗanda ke sauraronsa a bayan layi, sai ka zauna kana zagin zamani.

Tsohuwar mota tana da wani alheri da sababbin nan ba su da shi. Komai nata a fili yake, ba sai an jona kwamfuta ba. Za ka nuna wa yaro da yatsa: nan kafireto ke gauraya fetur da iska, nan kwantak, nan fulogi ke ba da wuta, ga lagireto da ke sanyaya injin, ga fambel da ke juya fanka. Kuma motar da ta daɗe a ajiye ba a zuwa a murɗa mata makulli haka kawai. Sai an juye tsohon man da ya lalace a tanki, an sake baƙin mai, an duba batir, an tabbatar birki bai kama ba. Wani noti tsatsa ta cinye shi, sai a ɗiga masa mai a bar shi ya kwana. Yaron da ya ga ubansa ya jira noti har gobe bai zagi kowa ba, wane wa'azin haƙuri kuma za a yi masa? Ku tafi kasuwar Ƙofar Ruwa tare neman kayan gyara, ya ga yadda kake gaida manya, yadda ake ciniki, yadda ake bambance sabo da na hannu. A kira azahar, ku wanke baƙin mai ku tafi masallaci kafaɗa da kafaɗa.

Babban abin ma ba wannan ba ne. Yaro ba ya buɗe cikinsa idan ka zaunar da shi gabanka kana zare ido. Amma hannu na aiki, ido na kan injin, sai ka ji zance ya fito da kansa: malamin da ke dukansa, abokin da ya nuna masa wani abu a waya, tsoron da yake ji da dare. Kai ma a nan za ka ba shi labarin kakansa da bai taɓa gani ba, har ku yi masa addu'a tare.

Kullum muna karanta yadda Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'il, amincin Allah ya tabbata a gare su, suka ɗaga harsashin Ka'aba tare, suna aiki suna roƙon Allah Ya karɓa. Mun san Anas ya yi shekara 10 yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima tun yana yaro, Annabi bai taɓa ce masa ko "uffan" ba. Mu ɗan cikinmu ya zubar da noti ɗaya a ƙasa mun kai mari. Ina koyin?

Kada wani ya ce shi ba shi da mota. Kana da babur, kana da keke, akwai fankar da ta daina juyawa, akwai famfon da ke yoyo tun bara. 'Ya'ya mata ma suna ciki, ita ma tana son ta riƙe maka tocila ta ji ka ce, "Madalla, Mamana." A dai kula, fetur ba ya shiri da wuta, kuma ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai sai an tokare ta.

Don girman Allah, Asabar ɗin nan kada ka fita. Majalisa ba za ta watse don ba ka je ba. Kira shi, ka ba shi abin da zai riƙe, in ya yi kuskure ka danne zuciyarka. Don Allah ka kira shi.