Ba Mai Ne Ya Ƙare Ba

Ana tsakiyar hawan dutse, salansar babur ɗin Ɗan Ƙarya da ta hana tsuntsayen daji sakat tun safe ta yi tari sau biyu, ta ɗauke ɗif.

ACICI: Alhamdulillahi, an tsaya. A nan za a ci?

BABA BAKANIKE: Lafiya dai, yaro?

ƊAN ƘARYA: Lafiya lau, Baba. Tsayawa na yi in kalli ikon Allah. Dubi kwarin can, dubi ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Ku gudu kawai kuka iya.

Mutumin da tun fitowa bai kalli komai ba sai fuskarsa a madubin babur.

BABA: To ka kalla. Tayar mu tafi.

ƊAN ƘARYA: Ban gama kallo ba.

NA-SANI: Ai ni na gano matsalar. Iska ce. In ana hawa sama iska na raguwa, duk mita 1,000 inji na rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa.

ƊAN ƘARYA: Yauwa! Iska ce. Abin da nake shirin faɗa ke nan.

BABA: Kashi 10 ya ce. Naka kashi 100 ya tafi. Duniyar wata muka hau?

Baba ya kama babur ɗin ya jijjiga, ya kara kunne a tanki. Shiru kake ji.

BABA: Tankin nan in ka yi sallama a ciki sai ya amsa maka.

ƊAN ƘARYA: Haba Baba, da girmanka. Harley-Davidson ne fa. Tun 1903 ake ƙera shi a Milwaukee ta Amurka. Irin wannan mai ba ya ƙare masa, sai dai ya huta.

BABA: Fitilar mai tun gindin dutse take ci.

ƊAN ƘARYA: Ta ado ce.

BABA: Da muka tsaya a gidan mai ina kake?

ƊAN ƘARYA: Ina goge hular kwano.

Kafin a ƙare musun Acici ya shimfiɗa ƙyalle a inuwa, ya jera gasassun kaji, burodi, kankana da flas ɗin shayi. Ƙamshi ya tashi, kowa ya zauna ya naɗe hannun riga.

ƊAN ƘARYA: Kada wanda ya taɓa! Sai na ɗauka. Baba, matsa, inuwarka ta faɗa kan kaza. Na-Sani, jawo flas ɗin kusa da taya, sunan babur ya fito. A'a, rana ta yi yawa, a jira gajimaren can ya iso.

Wanda ya fara koya wa mutane ɗaukar abinci hoto kafin a ci, shi da mayunwata sai a lahira. Har kitsen kaza ya daskare ana jiran gajimare.

ƊAN ƘARYA: Tsaya. Ina cinyar da ke nan?

ACICI: Gurguwa ce kazar.

ƊAN ƘARYA: Duka biyun?

ACICI: Abin tausayi, wallahi.

Aka ci, aka sha, aka yi hamdala. Gaskiya wurin ya yi kyau, wannan kam ba za a ƙwace masa ba.

ƊAN ƘARYA: Daga can gaba ai gangara ce. A kashe zan sauka, don kada in dami namun daji.

BABA: Babur mai nauyin kilo 300 da ɗoriya, a gangara, a kashe? Yaro, giya ce ke riƙe babur a gangara. Ka bar wa birki kaɗai, zafi zai ɗauka, man birki ya tafasa, ka matsa ka ji wayam.

ACICI: In ka yanke shawarar gangarawa, ka yafe mini ragowar kankanarka tun yanzu.

Baba ya zaro tiyo da gora daga kwandon tsohon ƙaramin babur ɗinsa, Super Cub.

ƊAN ƘARYA: Daga wannan abin za a ba Harley mai?

NA-SANI: Kada ka raina shi. Honda ta fito da shi a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100.

ƊAN ƘARYA: Shi ya sa. Abin da kowa ke da shi.

BABA: Tankinsa kusan lita 4 ne, kuma har yanzu da saura. Ungo tiyo. Mai bukata ke zuƙa.

Ɗan Ƙarya ya dubi hagu, ya dubi dama, ya cire safar hannu ta fata, ya durƙusa. Zuƙa ɗaya, fetur ya cika masa baki. Ya tashi yana tari, ido jawur.

ƊAN ƘARYA: Ɗanɗanawa na yi. Ba kowane mai nake zuba masa ba.

BABA: Ya ka ji shi?

ƊAN ƘARYA: Ba laifi. Za a iya lallaɓawa.

Aka juye, babur ya tashi. Nan take ya hau murɗa totur yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

ƊAN ƘARYA: Ban gaya muku hutawa yake ba?

BABA: Saki totur ɗin nan! Lita ɗaya ce!

ƊAN ƘARYA: Gaishe ku yake yi.

Ya figa ya yi gaba.

ACICI: Na-Sani, lita ɗaya kilomita nawa za ta kai shi?

NA-SANI: In ya bi a hankali, wajen 20.

ACICI: Gidan mai fa?

BABA: Ya fi 30.

ACICI: Madalla. Dama akwai wata kaza da na manta ban fito da ita ba.