Mai Keke Ya Sauka Gidan Bakano

Bayan la'asar, Bakano na zaune a zaure yana ƙirga cinikin Kwari, sai ga wani ya jingine keke a ƙofa, ƙura har gira.

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Maigida na ciki?

BAKANO: Wa alaikumus salam. In karɓar bashi ne ya fita, in biya ne shigo.

BAZAZZAGI: Baƙo ne daga Zariya.

BAKANO: Af, bawana ne ashe. Wace motar ce ta zubar da kai ka yi futu-futu haka?

BAZAZZAGI: Ga motata nan jingine, ƙafa biyu, ba ta shan mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 na yi sallama da tasha. Kilomita wajen 150 na taka, kuma Damagaram na nufa.

BAKANO: Damagaram! Wa ya rasu?

BAZAZZAGI: Ba kowa. Buɗe ido nake. Ba ka ji ɗalibin nan ɗan Gini da ya hau keke zai je Azhar ba? Sai da ya kai Chadi.

BAKANO: Shi karatu ya fita nema. Kai me ka ɗauko?

BAZAZZAGI: Famfo, kayan faci, gorar ruwa da bargo.

BAKANO: Innalillahi! Ka ratso ƙasar rake, ka wuce shinkafar Kura, ka ga tumatirin Kadawa ana zubarwa, ka iso Kano kariyar keke fayau? Ko mazarƙwaila goma ai ta biya kuɗin taya.

BAZAZZAGI: Alhaji, ni ban kashe ko sisi ba tun da na fito. A Kwanar Ɗangora mai shayi ya ba ni benci da kauri haɗi da burodi. A Kura liman ya sa aka kawo shinkafa da miya, har da cinya.

BAKANO: Ka biya nawa?

BAZAZZAGI: Labari na ba su. Na nuna musu hotuna a waya, na bar yara suka kaɗa ƙararrawa.

BAKANO (ya ajiye biro): Tsaya. Kana nufin ka ci, ka sha, ka kwana, jarinka labari?

BAZAZZAGI: Baƙonka annabinka. Af, ƙanshin miyar kuka nake ji daga ciki, ko hancina ne?

BAKANO: Na maƙwabta ne, iska ke kawowa.

Nan yaro ya shigo da kwano biyu da man shanu a murfi. Bakano ya harare shi. Kafin ya gama wanke hannu, malmala biyu sun tafi Zazzau.

BAKANO: Malam, a hankali, tuwon ba gangara ba ne. Ja birki.

BAZAZZAGI: Gaba akwai Kazaure, akwai Daura. Ciki ne tankin mai keke.

BAKANO: To ji nan. Tunda ta Kwangwalam za ka tsallaka, ka bi Matamaye, ina da abokin ciniki a kasuwar Dole. Zan ɗaura maka turmi ashirin na atamfa, ka karɓo mini sefa. Ladan tuwo ke nan.

BAZAZZAGI: Ba komai, maigida. Sai dai turmi ashirin na son ƙarfi. Dole in huta kwana uku, daidai haƙƙin baƙo. Da safe ƙosai da koko, da rana gurasa bandashe, da dare irin wannan. Sannan tayar baya ta suɗe, sai an sake ta. Cen ma na kuka.

BAKANO: Kwana uku, taya, cen... (yana danna kalkuleta) Kai! Direban Damagaram ya fi ka araha.

BAZAZZAGI: Kuma na rubuta wa ƙungiyarmu ta masu keke cewa gidanka gidan karamci ne. Mutum shida na Kura yanzu. Ɗaya Bafulatani ne, ya ce a tanadi fura.

BAKANO: Goge! Rubuta musu na tashi, an rushe unguwar.

BAZAZZAGI: Ya riga ya tafi, har sun sa alamar yatsa.

Bakano ya yi shiru. Ya tashi ya zagaya keken, ya matsa taya, ya daddana sirdi kamar mai taya rago.

BAKANO: Wai duk gidan da ka yi sallama sai a ciyar da kai?

BAZAZZAGI: Har guzuri ake haɗowa.

BAKANO: Nawa za ka bar mini shi? Gobe da asuba ni ma na fara buɗe ido. Zariya na nufa, gidanka zan sauka, wata guda cur.

BAZAZZAGI: Allah sarki, Alhaji. Ai haya na ba da gidan kafin in fito.

BAKANO: To iyalinka fa?

BAZAZZAGI: Suna tafe a mota. Na ba su kwatancen nan.