Wai daddawa ma da wari

A ƙarshen Nuwamban 2020 'yan ta'adda suka yi wa manoman shinkafa yankan rago a gonakin Koshebe da ke jihar Borno. Washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari. Ko zaman makoki ba a tashi ba, mai magana da yawun shugaban ƙasa na lokacin, Garba Shehu, ya shaida wa BBC cewa manoman ba su samu izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin. Jama'a suka yi masa ca, ya ce ba a fahimce shi ba ne, ƙura ta lafa, ya ci gaba da aikinsa har gwamnatin ta sauka a 2023.

Ba a yi wata huɗu ba, a nan Ingila inda nake zaune, wani ɗan sandan Landan mai suna Wayne Couzens ya tare wata mata, Sarah Everard, da daddare tana komawa gida a ƙafa. Ya nuna mata katin aikinsa, ya sa mata ankwa kamar kamu ne na doka, ya tafi da ita, ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta. Bayan an yanke masa ɗaurin rai da rai, Philip Allott, zaɓaɓɓen jami'in da ke sa ido kan 'yan sandan North Yorkshire, ya shiga rediyo ya ce ya kamata mata su buɗe ido su san lokacin da doka ta ba da damar a kama su, kuma bai kamata marigayiyar ta miƙa wuya ba. Mako biyu bayan nan ya ajiye muƙaminsa, don matsin da ya sha ya fi ƙarfinsa.

Magana iri ɗaya ce ta fito daga bakin mutum biyu. Shi ya sa ba na yarda idan 'yan uwana mazauna waje suka fara cewa wai Turawa ba sa ɗora wa wanda aka zalunta laifi. Suna yi, har da gayya. A 1989 an yi turmutsutsu a filin ƙwallo na Hillsborough a Sheffield, wanda ya ci ran magoya bayan Liverpool 97. 'Yan sanda ne suka ba da umarnin buɗe ƙofar da ta kwararo jama'a cikin wurin da ya riga ya cika maƙil, amma labarin da aka baza shi ne 'yan kallon sun bugu ne suka kutsa. Jaridar The Sun ta buga cewa har aljihun gawawwaki suka lalube. Sai a 2012 wani kwamiti ya gano an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, sai kuma a 2016 masu taya alƙali hukunci suka ce an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallon ba su da hannu a abin da ya same su. Shekara 27 iyaye suna wanke sunan 'ya'yansu da ke kabari.

Halin na ɗan Adam ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Melvin Lerner, ya gwada shi a Amurka a 1966. Aka zaunar da ɗalibai suna kallon wata budurwa da ake nuna kamar ana ɗana mata wutar lantarki. Waɗanda aka sanar da su cewa azabar za ta ci gaba kuma ba abin da za su iya yi, sai suka koma kushe ta. Zuciya ba ta son yarda cewa masifa na iya faɗa wa wanda bai yi komai ba, don in haka ne ni ma ban tsira ba. Na sami kuskure a wurinka, na yi barci da minshari.

Mu kuwa har karin magana muka tanada: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wata ƙanwata a gida aka ƙwace wa waya a hanya, yaron ya yanke ta a tafin hannu da wuƙa. Ta kira ni hannun a naɗe da bandeji, kuma abin da ya sa ta kuka shi ne gaisuwar da ta sha. "Ke ma dai, me ya fitar da ke bayan magariba?" "Wa ya ce ki riƙe waya a hannu a wannan zamanin?" Duk masu ƙaunarta ne, kowa ya zo da "Allah Ya kiyaye gaba". Ba wanda ya tambayi kamannin yaron ko ta ina ya bi. Da na ce, "Ƙanwata, kin kai rahoto?" sai ta ce, "Yaya, in je a sake yi mini waɗannan tambayoyin?"

Waya ke nan. To ina ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ta san tambayar farko ita ce me ta sa, me ya kai ta ɗakinsa, sannan a gida a ce a rufa asiri kada ta rasa mijin aure? Asirin da aka rufa ɗin na mutumin ne, gobe ya koma kan 'yar wani.

Za a ce to ai rigakafi ya fi magani, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Haka ne, ni ma ina kulle ƙofata. Amma an faɗa wa mai raƙumin ne raƙuminsa na tsaye a gabansa. Ban taɓa jin malamin da ya ce raƙumin da ba a ɗaure ba ya halatta ga mai wucewa ba. Ko a babin sata, malaman fiƙihu sun ce in ba daga ma'ajiya aka ɗauke kaya ba haddi na faɗuwa, amma ɓarawon zai mayar da kayan, alƙali kuma ya hore shi gwargwadon yadda ya gani. Mai kayan ba ya cikin waɗanda ake hukuntawa. A ruwayar Abu Dawud da Tirmizi, matar da wani ya afka wa a hanyarta ta zuwa salla Manzon Allah bai tuhume ta da fitowa ba, ya sallame ta da kyakkyawar magana, hukunci ya hau kan namijin.

Abin da na ga ya bambanta a nan shi ne inda doka ke ajiye nauyin asarar. Wani abokin aikina, dattijo, 'yan damfara suka kira shi da sunan bankinsa, suka tsorata shi har ya tura musu ajiyarsa da hannunsa. A wurin shan shayi na ji ana ƙus-ƙus, wai mutum da hankalinsa ya faɗa wannan tarko. Gulmar iri ɗaya da tamu. Sai dai tun 7 ga Oktoban 2024 ƙa'ida ta tilasta wa bankunan Birtaniya su mayar wa wanda aka damfara ta haka kuɗinsa har fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar biyu, sai fa in bankin ya tabbatar da mugun sakaci. Dalilin a fili yake: bankin ne ya buɗe wa ɗan damfarar asusu, shi ke ganin kuɗin suna shiga suna fita, shi ke da ikon tare su.

A Najeriya kuwa, a Afrilun 2022 majalisar dattawa ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin aƙalla shekara 15 ga duk wanda ya biya kuɗin fansa. Na san hujjarsu, biyan kuɗi na ƙara wa 'yan bindiga ƙarfi, kuma ba ƙarya ba ne. Amma uban da ya sayar da gonarsa don ya karɓo 'yarsa daga daji ya yi hakan ne bayan ya jira waɗanda ke riƙe da bindigar gwamnati da kasafin tsaro bai ga kowa ba. Ina so in ji shekara nawa aka tanadar wa jami'in da aka kira da tsakar dare ana kwashe mutanen gari, bai iso ba sai da rana ta fito.